Muryar Kawu a Ajinmu

Adelaide, 14 ga Yuni

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau, sai dai sanyi, kuma an ƙara mini bargo.

Mama, akwai abin da ya hana ni cin abinci. An sake buga waƙoƙin Kawu na farko a faifan garmaho, guda taran nan masu labarin masuncin da ya ɓata a teku. Ranar Talata Malam Pritchard, mai koya mana kiɗa, ya shigo da faifan yana murna, ga hoton Kawu a jikin kwalin. Ya ce, "Delvene, ashe kawunki ne, kika yi mana shiru!" Sau uku yana kiran sunansa. Bai san cewa a al'adarmu ba ma kiran sunan mamaci ko sauraron muryarsa sai dangi sun yarda ba, ga shi wata bakwai kacal da rasuwar. Kunya ta hana ni magana.

Da ya kunna faifan, kiɗan jita ya tashi, na toshe kunnuwana. Amma Mama, daga baya na sauke hannuwana. Na saurara har masuncin ya hango wutar gida.

Ina tsoron kada in zama na hana ruhin Kawu tafiya. Ki tambayi dattawa ko sai an yi mini hayaƙin tsarkakewa idan na dawo hutu.

Kuma Malam ya aika wa Kaka faifai ɗaya kyauta, yana cikin jirgin ruwan Alhamis. Don Allah ki riga ta zuwa bakin ruwa, ki karɓe shi kafin ta gani.

'Yarki,
Delvene