Ƙulli Uku a Kunnen Buhu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ka koya mini, ta durƙusawa har ƙasa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma sai dai ƙanena Sani ya karanta maka, kana tsayar da shi kana cewa boko ya karya masa harshe. Jiya aka yi sadakar arba'in, baƙi duk sun watse, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Ruwa ya sauka ranar Laraba, mai ƙarfi, har ya kayar da katangar bayan gida da ka shekara biyu kana cewa sai bayan kaka. Inna tana takaba. Ta rame, amma tana cin abinci in an tsaya a kanta. Sani ya share gonar hanyar Madadi, yana jiran ruwa na biyu. Jar akuyarka ta haifi biyu. Rediyonka yana nan a zaure inda ka bar shi, har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin kunnawa.

Baba, na yi maka ƙarya wata takwas. Na bar aikin Abuja tun kakar bara, ban gaya maka ba.

Ba korata aka yi ba, da hannuna na rubuta takardar. Shekara goma sha shida na yi a kamfanin nan har na zama shugabar sashen ma'aikata, da direba, da ofis mai sanyi. Abin da ban taɓa gaya maka ba, a shekarun ƙarshe aikin nawa ya koma kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ina miƙa musu takardar sallama, ina murmushi. Wata rana na miƙa wa wani dattijo sa'anka. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini godiya, ya kira ni 'yarsa. Daga ranar hawan jini ya same ni, kuma na san ba zan tsufa a kujerar nan ba.

Na dawo Kano wajen maigidana da yara. Na kama wani gida a Kabo, na sa injin matsar man gyaɗa, na tara mata. Muna yin mai da ƙuli-ƙuli, ina koya musu yadda ake tsabtace kaya, da yadda ake ɗaure shi ya yi kyan gani, da yadda mace za ta shiga kanti ta yi magana da mai shi ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Ranar Alhamis kuma 'yan matan da suka gama makaranta suke zuwa, mu zauna kowa ta faɗi sana'ar da take so, mu duba ta inda za ta fara. Malama suke kirana. Ina son aikin nan, Baba. Ban taɓa son wani aiki haka ba.

To me ya hana ni faɗa maka? Kai ka sayar da shanun huɗarka shekarar da na samu jami'a, ka yi damina uku kana noma da hannu. Kai ne a majalisar ƙofar masallaci kowace magana sai ka sako ni a ciki, kana kirana Manaja, har abokanka suna tsokanarka ko ruwan sama ma sai Manaja ta sa hannu yake sauka. Da wane baki zan ce maka 'yar mai noman gyaɗa ta zaga duniya ta dawo kan gyaɗa? A ofis an koya mini ba a shiga wajen babba da labari sai da sakamako a hannu. Sai na ce bari sana'ar ta tsaya da ƙafarta tukuna, in zo maka da abin nunawa. Na ɗauke ka kamar wani shugaban kamfani, na manta kai ubana ne.

Wai ni mai wayo, na zaɓi Kabo don kada labari ya iso maka Gwarzo. Na manta a Abuja ne mutum yake shekara bai san maƙwabcinsa ba. A nan kuwa in ka yi atishawa a Kabo, a Gwarzo za a yi maka addu'a.

Haka na ci gaba da zuwa maka Asabar ɗin ƙarshen wata kamar da. In tsaya a wani kanti a Kano in sayi burodi da lemo a matsayin tsarabar Abuja. Ka tambaye ni hanya, in ƙirƙiro maka cunkoson motoci a Zariya, ka ce sannu. Kwana huɗu a mako ina karyawa in shiga Kabo, hanyar Gwarzo tana miƙe a gabana, ina kau da kai. Tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba ce tsakanina da kai, amma sau ɗaya a wata nake ganinka don ƙaryata ta zauna daidai.

Akwai wani dillalin gyaɗa a Kabo, Alhaji Sale, shi yake kawo mana kaya. Cikin buhunan da yake kawowa duk wata akwai guda biyu da suka fita daban. Ɓararriyar gyaɗa ce tas, babu tsakuwa, babu ruɓaɓɓiya, babu ko ɓawo. Na tambaye shi ta wane ce, ya ce ta wani tsoho ce da ba ya son a san shi. Baba, ka san abin da na yi da ita? Na riƙa zuba ta a faifai ina ɗaga wa matan, ina cewa su dubi aikin mutumin da ba wanda yake tsaye a kansa, su yi koyi da shi. Ban taɓa kwance buhun da kaina ba. Larai, babbar cikin matan, ita take yanke bakin da wuƙa, ni sai dai a kawo mini in duba. Halin manaja bai sake ni ba.

Zuwana na ƙarshe ka raka ni har bakin mota, abin da ba ka saba ba. Ka dafa ƙofar, ka kira ni Uwata, kamar yadda kake kirana tun ina ƙarama saboda sunan mahaifiyarka da na ci. Ka tambaye ni ko ba ni da wata magana da kai. Na ce babu. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce to, a sauka lafiya.

Ranar Talata bayan azahar Sani ya kira ni. Ina Kabo, hannuna duk mai. Na iso kafin a gama yi maka wanka. Sai daga baya na lura ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi na zo daga Abuja da wannan saurin.

Ranar sadakar uku Inna ta aike ni ɗakin ajiyarka in ɗebo gero. A bayan ƙofa na ga buhu ɗaya a tsaye, an ɗinke shi. Ɗinkin bahago, daga wancan gefen zuwa wannan, da igiyar rama irin wadda kake murzawa a cinya, da ƙulli uku a kunnen hagu. Ni ce nake riƙe maka bakin buhu ina yarinya kana soka basilla, kana cewa ƙulli biyu na rago ne. Wannan igiyar na yi wata bakwai ina tsallake guntayenta a tsakar gidan Kabo. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

Inna ce ta biyo ni. Ta ce tun watan farko kuka ji. Wata 'yar Madadi da take aure a Kabo ta zo suna, ta yi ta yabona a cikin mata. Inna ta ce ranar ba ka ci tuwo ba, kuma ka yi kwana uku ba ka zauna a majalisa ba. A na huɗu ka sa aka fito da gyaɗa, ka shimfiɗa tabarma a zaure ka fara tsinta, kana ba Alhaji Sale yana kawo mini. Da ta ce ka kira ni ka yi mini magana, ka ce ba za ka kunyata uwarka ba, ita za ta faɗa da bakinta. Na tambaye ta ko ka ce ka yafe mini. Ta ce ba ka ce ka yafe ba, ba ka ce ba ka yafe ba.

Wannan ne yake cina, Baba. Duk Asabar ɗin da na zauna a gabanka ina ba ka labarin hanyar Zariya, ka san daga inda nake? Burodin nan da kake gutsura kana cewa na Abuja daban ne, tsokanata kake yi, ko ƙofa kake buɗe mini? Yanzu na tuna tun kaka ka daina kirana Manaja. Fushi ne, ko sauke mini kaya ka yi? Da rana tsaka in inji ya tsaya, gidan ya yi shiru, sai in ji kamar gyaran muryarka a bakin ƙofa, irin wanda kake yi kafin ka yi tambaya. Na san babu kowa, amma sai na waiwaya. Ko darasi nake yi wa matan, in na zo wajen cewa su riƙe gaskiya da mai saye, sai harshena ya yi nauyi.

Na ɗauko buhun na kawo Kabo, na jingine shi a kusurwa. Larai ta yi ta mita ƙwari za su shiga, Sani kuma yana neman iri. Na hana kowa taɓawa. Na sa wa raina wataƙila ka saka 'yar takarda a ciki, da ajaminka mai karkata, ko da kalma ɗaya ce. Muddin yana ɗinke, ina da sauran fata.

Yau da safe na kwance shi. Ban sa wuƙa ba. Da basillarka na warware ƙullin uku, na zare igiyar a hankali, na juye a tabarma. Na bi da hannu har ƙasan buhun, na juya shi ciki waje. Babu takarda.

Amma na ga wani abu. Gyaɗar ƙasan buhun tas take kamar kullum. Ta saman kuwa, wadda ka tsinta daga ƙarshe, akwai tsakuwa a ciki, da motsattsu, da ruɓaɓɓu, har da ɓawo. Ban taɓa ganin haka a aikinka ba. Na kira Inna a waya, ta ce a makon ƙarshe hannunka yana rawa, idonka ba ya gani sosai, amma ka hana a taya ka, ka kuma hana a gaya mini don kada a tayar mini da hankali a wajen aiki. Ranar Litinin da la'asar ka ɗinke shi. Da ina zuwa ko sau ɗaya a mako, da na ga hannun nan da idona, da na kai ka asibiti. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma da na riƙe maka bakin buhun.

Na sallami matan da wuri. Na zauna a tabarmar na tsince abin da ya wuce maka, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka koya mini, har la'asar. Gobe zan kai wa Sani ya shuka a gonar hanyar Madadi. Igiyar tana wajena.

Ka tambaye ni a bakin mota ko ina da magana da kai. Ina da ita, Baba. Na bar aiki. Ina Kabo, ina sana'ar gyaɗa, kuma tsohon nan da nake ce wa mata su yi koyi da shi, kai ne. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa fuskokinmu a inda babu ɓoye-ɓoye.

Taka,
Rakiya, wadda kake kira Uwata