Ɗan Kasuwa Ba Ya Cewa Babu

Badami Bagh, Lahore

Yaya Fayyaz, salamu alaikum. Ina gaida matarka, Bhabhi Shagufta, gwarzuwar da ta yi shekara bakwai tana shanya wanki a kan fiffiken jirginka.

Madalla da kai. Sauran makanikai in sun ajiye aiki masallaci suke komawa, kai kuwa ka ɗora wa injin mota fukafukai za ka je wurin Allah da kanka. Ga ɗan gwangwanin da ka nema, kwantakta mai haɗa batir da sauran wutar jirgi. Na ba direban motar Gujrat tare da kwalin alewar barfi. Kada ka ci gwangwanin ka ɗaura barfin.

Ƙaninka, Mushtaq

Gujrat

Mushtaq, wa alaikumus salam. Saƙo ya iso.

Abin nan iri biyu ne, kamarsu ɗaya. Na tayar da inji daƙiƙa kaɗan yake jurewa, in ya daɗe a kunne sai ya ƙone. Na batir shi ke wuni a kunne. Famfon maina da wuta yake aiki, in ta ɗauke inji ya mutu. Rubutun jikin wannan ya goge. Wanne ka aiko?

Yayanka, Fayyaz

Lahore

Yaya, ina gaisuwa. Shekara ashirin ina sayar da kayan wuta, yau kuma za a yi mini jarrabawa? Na batir ne. Ka ɗaura, ka yi bismilla, ka ɗago mana hannu in ka bi ta kan kasuwa.

Mushtaq

Asibitin ƙashi, Gujrat

Mushtaq, Shagufta ce ke rubuta mini, hannuna na cikin filasta.

Ranar Talata na tashi. Minti goma sha ɗaya, har na hango kogin Chenab kamar zare. Sai ƙauri, sai famfo ya yi shiru. Na sauka a gonar rake. Fiffike ya rabu biyu, likita kuma ya ce kafaɗar nan ta gama tuƙi.

Mitar awon wuta tana aljihuna ranar da na ɗaura shi. Awon minti ɗaya zai gaya mini ko wanne ne. Ban auna ba, don kai ka aiko.

Allah ya ba ka kasuwa.

Fayyaz

Lahore

Yaya, ban san da wace gaisuwa zan fara ba.

Na batir ya ƙare mini a makon da ka nema, sai na aiko maka na tayar da inji. Ka san abin da Abba ya koya mana a wannan rumfar: ɗan kasuwa ba ya cewa babu, sai dai ya miƙa mai kama da shi. Na miƙa wa direbobi ɗari, in ya ƙone su faka a gefen titi su zage ni, su sha shayi. Na manta sama ba ta da gefen titi. Kuma gaskiya, ban taɓa zaton tarkacen nan naka zai bar ƙasa ba. Wannan ya fi ci mini rai.

Ga na gaskiyar a kwali, na auna shi sau uku. Bhabhi ta hana ni shiga gidan, ban ga laifinta ba.

Jiya wani ya zo neman abin da ba ni da shi, na ce masa babu. Bakina bai tsage ba, rumfa ba ta rushe ba. To, Yaya, kalma ɗaya mai arha haka, don me muke ta adana ta shekara ashirin?

Ƙaninka, in har yanzu kana da shi,
Mushtaq