Hannun Baba a Takardar Masu Bincike

Daren Laraba, watan Safar, Kaoje.

Yau dai binciken nan da aka yi kan shinkafa ya buɗu a intanet. Tun ina kwalejin aikin gona nake nemansa, kullum a nuna mini kanu a kulle saura, sai ka ce ba a fadamarmu aka yi shi ba. Yanzu an sake shi kyauta. Sai da na hau tudu na kamo sabis ɗin ƙasar Benin kafin ya sauka a wayata.

A ciki akwai hoton hannu riƙe da zangarniyar tsohuwar shinkafarmu, mai miƙewa tare da ambaliya, wadda muka yar saboda sabon iri. Ba fuska, ba suna.

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga hannun Malam na. Ga tabon lauje nan."

Baba, Allah ya jiƙanka. Na karanta mata inda masu binciken suka ce sun adana irin.

"To ka ce su maido muna ko tafi guda. Aro ya ba su."

Ta hana ni karɓar wayar. Ta yi barci da ita a ƙirjinta.