Ni na fassara wa matata maganar likita, kuma ƙarya na yi mata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji huɗu na firamare na tsaya, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe. Na san na cancanci zagin, amma ba shi na zo nema ba.

Ni mahauci ne, haifaffen Agege, na fi shekara ashirin ina fawa a kwata. Yarbanci a bakina kamar ruwa. Matata kuwa daga wani ƙauyen Katsina na auro ta, shekararta goma sha biyar a Legas amma Yarbancinta bai wuce na cinikin tattasai ba, Turanci kuwa ko kaɗan. 'Ya'yanmu uku. Babbar sunan mahaifiyata gare ta, muna kiranta Ummi, shekararta goma sha uku. Sai namiji, sai ƙaramar da ba ta cika shekara biyu ba.

Bara bayan babbar Sallah tana shayar da ƙaramar ta ce, "Baban Ummi, taɓa nan ka ji." Na taɓa. Ƙullutu ne a nonon hagu, tauri kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi. Jama'a, hannuna ya san nama. Na san kitse, na san maruru, na kuma san irin abin da in muka tarar a jikin saniya likitan dabbobi yake cewa a yanke a zubar. Na kai ta asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitar Bayarabiya ce, da ta ji ina Yarbanci sai ta saki jiki ta yi min bayani dalla-dalla. Ciwon daji ne. Ta ce mun zo da wuri, amma sai an cire nonon gaba ɗaya sannan a bi da magani, kuma kada mu yi jinkiri. Ta ce, "Oga, gaya mata yadda na faɗa." Matata na zaune da goyo a baya, ba likitar take kallo ba, bakina take kallo. Ta ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce nono ne ya daskare. Ki yaye yarinya, zai baje da kansa." Ta ce alhamdulillahi, har ta yi wa likitar murmushi. Ita kuwa likitar ta ɗauka ƙarfin hali ne, ta dafa mata kafaɗa. Aka miƙo takarda na sa hannu cewa an yi mana bayani.

Me ya kai ni? Tun muna yara muke ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Mahaifiyata aiki aka yi mata a ciki, kwana tara ta rasu. Ni da nake riƙe da wuƙa tun asuba har azahar, na san abin da take yi wa nama, na kasa yarda a kwantar da uwar 'ya'yana a sa mata. Amma tunda ba ku ganin fuskata bari in faɗi sauran. Akwai son kai a ciki. Ban so in gan ta da nono ɗaya ba. Wannan ce maganar da ko a sujada nake jin kunyar faɗa.

Na samo wani mai maganin gargajiya a unguwar Ketu, ya ba da na sha da na shafawa. Na ce mata na daskarewar nono ne. Wata takwas ke nan.

Yanzu wurin ya fashe, yana ruwa. Wani ƙullutun ya fito a hammata, hannun ya kumbura. Kullum ɗakin na cike da turaren wuta, wai don kada yara su ji wari. Ta daina goyo, don ɗaurin zanin a kan ƙirji yake bi. Ƙaramar sai ta zagaya bayanta ta rungume tana kuka, uwar tana cewa, "Yi haƙuri 'yar auta, gobe." Duk da haka ita ke tashi ta shirya biyun su tafi makaranta. Shekaranjiya na dawo na tarar ta zaunar da Ummi gaban tukunya tana koya mata tuƙin tuwo. "Riƙe muciyar da kyau, ke kamar mai tsoron ta. Ba kullum zan tsaya a kanki ba." Ummi ta ce, "Kai Mama, sai ka ce za ki yi tafiya." Suka yi dariya. Ni na fita waje na tsaya bakin lambatu kamar mahaukaci.

Abin da ya fi ci na, ba ta zargina ko kaɗan. Likitar take zargi. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da matar nan, ta dube ni ta ce ba komai. Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka, Baban Ummi, Allah ya saka maka." Na ce amin. Wane irin mutum ne zai ce amin a nan?

Jiya wata maƙwabciyarmu ta ga wurin, ta sa salati, ta ce wallahi ko matata ta koma asibiti ko ita ta kira 'yan'uwan matar tawa a Katsina. Matata ta ciro katin asibitin daga jakarta, ashe ta adana shi. Ta ce ranar Litinin za ta koma. Na ce zan raka ta. Ta ce, "A'a, ka je wajen nemanka. Ummi za ta raka ni, ai tana jin Yarbancin da Turancin, har ta fi ka."

Kun gane? Za a buɗe fayil. Za a ce wata takwas da suka wuce an gaya wa mijinki, ga sa hannunsa. Kuma 'yata, mai sunan uwata, ita za ta fara ji, ita za ta juya ta faɗa wa uwarta da Hausa. Wallahi Shaiɗan har yana raya min in matsa in bi su, in sake zama mai fassara. Amma ƙarya ta biyu kabari ce, na sani.

Ba na tsoron ta bar ni. Ina tsoron na riga na kashe ta, tana tafiya ne kawai. In akwai likita ko wadda ta yi wannan ciwo a cikinku, ku gaya min gaskiya, in ya kai haka ana tashi? Kuma ta yaya zan fara? In gaya mata mu biyu kafin Litinin, ko a gaban likita don in ta faɗi akwai mai kama ta? Yau Juma'a. Tana can tana yi wa ƙaramar kitso da hannu ɗaya. Me zan yi?