Okbun Ta Ce In Haɗiye

Namhae

Yaya Gumrye,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gwiwa, ya hayaniyar birnin Busan? Mu nan tsibirin Namhae lafiya lau.

Albishirinki: na daina mantuwa da maganin sukari. Ma'aikaciyar asibitinmu ta saka mini bidiyon koyar da shan magani a waya. Kin tuna wanda suka ɗauka da tsofaffin ƙauye, shekarar da matata Okbun ta rasu? Yaya, ita ce a ciki! Ga ta da tsohuwar hular nan ta gonar tafarnuwa, riƙe da kofi, tana cewa, "Kai tsoho, ka ci abinci? To haɗiye." Har hararar tana nan. Sai na ji gidan ya koma kamar da, lokacin da take shanya tafarnuwa tana yi mini mita.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Manbok

Busan

Manbok,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Sai a bakin maƙwabcinka zan ji an tsince ka a sume a gona, sukari ya faɗi ƙasa warwas? Wai maganin wata guda ka cinye kafin wata ya raba! Gyaɗa ka mayar da shi? Okbun na raye sai ta bi ka har bakin teku kafin ka sha ƙwaya ɗaya, yanzu kuma ka zama sarkin biyayya.

Mu tara Inna ta haifa, saura ni da kai. Kada ka bar ni ni kaɗai. Ko ka faɗa mini abin da ya faru, ko in zo in ƙwace wayar.

Yayarki da ta goye ka,
Gumrye

Namhae

Yaya,

Na gaishe ki. A yi haƙuri, kar a ƙwace.

Duk lokacin da kewa ta taso sai in kunna, in ta ce haɗiye kuma in haɗiye. Ban taɓa kaiwa ƙarshe ba, don ranar ɗaukar ina hangen ta daga nesa, na san a ƙarshen take ɗaga hannu ta yi ban kwana. Jiya ma'aikaciyar ta zaunar da ni na kalla duka. Ashe kafin ta ɗaga hannun cewa take, "Sau ɗaya kawai, da safe. Sai gobe."

Yau da safe na sha ɗaya, na bar ta ta tafi.

Ƙaninki,
Manbok