Abin da Na Binne a Ɗakin Suraci

Lahadi, 7 ga Agusta, 2011

Ƙanƙarar ranar Alhamis ta kwantar da masarar gidaje goma sha ɗaya, tara daga ciki na 'yan cocinmu ne. Gonakin Katolika da ke hayin rafi ko ganye bai yage ba. Kowa ya lura, ba wanda ya furta.

Yau Fasto Eliseo ya furta. Ya ba mu labarin wani Ba'isra'ile mai suna Akan, na zamanin Yoshuwa. An ci Yariko, an ce kada kowa ya ɗauki ko tsinke, shi ya ga riga mai kyau da zinariya ya kwashe, ya binne a ƙarƙashin tantinsa. Saboda shi aka kori dukan rundunar a wani ɗan ƙaramin gari, mutane suka mutu waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Fasto ya rufe littafin ya ce, "Jiki ɗaya ne mu. Akwai wanda ya ɓoye abin tsohuwar al'ada a gidansa, mu duka muke shan duka."

Ɓangaren mata ya kalla da ya faɗi haka. Petrona maƙwabciyata ta juyo. Wataƙila taga take kallo, amma tagar tana bayana ne.

Litinin, 8 ga Agusta

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Mahaifina mai duba ne, mai ƙirga kwanaki. Yana da 'yar jaka ta saƙi, cike da jajayen 'ya'yan itace masu kama da wake da 'yan duwatsu masu ƙyalli, da su yake yi wa mutane duba. Da ya rasu, shekara ashirin da biyu ke nan, na riga na tuba, an ce in kawo jakar a ƙone. Na ce an binne shi da ita. Ƙarya ce. Tana ƙarƙashin dutsen ƙofar ɗakin suracinmu, inda muke wanka.

Ban taɓa buɗe ta ba. Ba na yi mata addu'a, ba na kunna mata kyandir. Kawai warin hannunsa ne a jikinta, na kasa jefa ta a wuta.

Mutum ɗaya ya sani: Inna Sebastiana, ungozoma. Ita ta riƙe min dutsen ranar da na haƙa ramin.

Ni Dominga, shugabar zumuntar mata shekara tara, mai koya wa wasu biyayya.

Laraba, 10 ga Agusta

Petrona ta zo aron gishiri. Petrona da ke sayar da gishiri a kasuwa.

Lahadi, 14 ga Agusta

Dattawa sun yanke shawara. Kamar yadda Yoshuwa ya bi kabila kabila, gida gida, har ya isa kan Akan, haka za a yi mana. An rubuta sunan kowane gida a 'yar takarda, an zuba cikin hular Dikon Anselmo, ɗaya daga cikin dattawan cocin. Kowace Lahadi za a yi addu'a a zaro uku, cikin mako dattawa su je su duba.

Da Anselmo ya rufe ido ya tura hannu cikin hula, sai na ga mahaifina sak, yana ɗibar 'ya'yan itacensa. Shi ma haka yake rufe ido. Na ciji leɓe, don abin da ya zo min dariya ce, kuma ba wurin dariya ba ne.

Sunana bai fito ba. Anselmo ya daɗe yana laluben ta uku. Ina jin yana gane takarda da yatsa.

Alhamis, 18 ga Agusta

Gidaje ukun farko: an samu hoton wani waliyyi a bayan kalanda, da kwalbar giya a cikin buhun masara. Mai kwalbar ya yi kuka, matarsa ta ce gara da aka gani. Fasto ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne, babban yana nan.

Yaya aka yi ya san akwai babba?

Lahadi, 21 ga Agusta

Ɗana Gaspar ya yi magana a bakin coci makon jiya, wai ba daidai ba ne a riƙa ɗaga katifar mutane. To, ta isa kunnen Fasto. Wa'azin yau a kan Kora ne da mutanensa, waɗanda suka yi wa Musa gunaguni ƙasa ta buɗe ta haɗiye su da iyalansu. Bai kira suna ba, bai buƙaci ya kira ba. Gaspar ya sunkuyar da kai har aka tashi.

Mutum huɗu ne a wurin lokacin da ya yi maganar. Na lissafa su a hanya. Biyu 'yan gidan Petrona ne.

Na ce masa, "Kai dai ka iya bakinka, matarka na da ciki wata bakwai." Ya ce, "Inna, me muke ɓoyewa da za mu ji tsoro?" Na ce ya je ya sara itace.

Talata, 23 ga Agusta

Inna Sebastiana ta zo duba cikin Florinda, matar Gaspar. Ta hura wutar suraci, ta shiga da ita, ta murza mata ciki da bayanta kamar yadda ta yi min lokacin cikin Gaspar. Da ta fito tana share zufa, ta tsaya a kan dutsen ƙofar, ta ce, "Dominga, wannan dutsen naki ya fara motsi, ki sa a gyara kafin baƙi su zo."

Me take nufi? Gargaɗi ne ko barazana? Ta yi murmushi da bakinta mai haƙori uku, ta karɓi kofi da wainar masara, ta tafi.

Da yamma na hange ta a ƙofar gidan Fasto, ita da matarsa, kai a haɗe. Sun daɗe.

Laraba, 24 ga Agusta

Inna Sebastiana tsohuwa ce, ta kusa haɗuwa da Ubangijinta. Irin su ne ke so su sauke kaya kafin su tafi, nasu da na wasu.

Lahadi, 28 ga Agusta

Hula ta sake tsallake ni. Sauran gidaje goma sha huɗu.

Laraba, 31 ga Agusta

A kasuwar Momostenango na haɗu da matar Anselmo wajen masu zare. Muna cinikin shuɗi, sai na ce, ni dai ban ce komai ba, amma na taɓa ganin Inna Sebastiana na sayen kyandir masu launi, ja da rawaya, kuma kowa ya san ungozomomin da can suna da abin da suke ajiyewa. Ta zaro ido ta ce, "'Yar'uwa Dominga, kin tabbata?" Na ce ni ban tabbata ba, kada ma ta ce ni na faɗa.

Gaskiya na faɗa. Na gan ta tana saye. Idan ta riga ta kai sunana, to yanzu maganarta ba ta da nauyi. Kare kaina na yi.

Zaren da na sayo ba launin da nake nema ba ne.

Juma'a, 2 ga Satumba

Ba su jira hula ba. Dattawa sun je gidan Inna Sebastiana jiya da hantsi. Sun samu kyandir, da wani ɗan dutse mai siffar kan jariri naɗe a ƙyalle. Wai ta tsince shi a hanya tun tana budurwa, shi ne alamar cewa an kira ta ga aikin karɓar haihuwa. Petrona ce ta kawo min labarin, tana haki don daɗi.

Lahadi, 4 ga Satumba

An ƙone kyandir ɗin a filin coci. Dutsen ya ƙi ci, sai Anselmo ya farfasa shi da guduma. An tsayar da Inna Sebastiana gaban jama'a da tsohuwar rigar saƙinta. Horo na shekara guda: bencin baya, ba ta cikin masu karɓar gurasar Jibin Ubangiji, kuma kada wata 'yar coci ta sake kiranta haihuwa. Rabin waɗanda suka ce amin ita ta yanke musu cibiya, har da Anselmo.

Fasto ya tambaye ta, "Inna, kin san wani da ke da irin wannan? Ki faɗa, jama'a su tsira."

Ta ɗaga kai, ta bi benci benci da ido, ta zo kaina, ta wuce. Ta ce, "Fasto, ni nawa na sani."

An ce an samu Akan. An juye sauran takardun hula cikin wutar, har da tawa. Muka riƙe hannun juna muka yi waƙar haɗin kai, ni na ba da murya.

Litinin, 5 ga Satumba

Don me ta yi shiru? Ba wanda ke yin shiru a banza. Ajiyewa take yi, sai ranar da za ta fi yi min ciwo.

Asabar, 10 ga Satumba

Matar Fasto ta ce min tana jin nauyin abin nan ƙwarai, don ranar nan da na hange ta da Inna Sebastiana, maganin ciwon mara tsohuwar ta kawo mata, ta zauna tana koya mata yadda ake dafawa.

Maganin ciwon mara.

Na dawo gida na ƙona wake.

Alhamis, 15 ga Satumba

Ƙafafun Florinda sun kumbura, ta ce ɗan ba ya kwance yadda ya saba. Ma'aikaciyar asibiti sai bayan mako biyu take hawowa, ruwa kuma ya cinye hanya. Florinda ta ce, "Inna, ba za a kira Inna Sebastiana ba ko ta bayan gida?" Na ce doka doka ce, Sarki Saul ma da ya yi wa Allah rabin biyayya sarautarsa ya rasa. Ta dube ni, ta juya fuska bango.

Asabar, 17 ga Satumba

Ba wanda ya kira ta. Da rana tsaka Inna Sebastiana ta ɓullo ta cikin masara, ƙafa duk taɓo. Ta ce ta ga tafiyar Florinda ranar Lahadi daga bencin baya, ɗan ya gicciye. Ta hura suraci, ta yi kusan awa guda tana juya shi da tafin hannu. Ni ina waje ina gadin hanya, ina jin nishin yarinyar, har na ji ta saki ajiyar zuciya.

Da ta fito na miƙa mata kofi. Ta sha. Ta ce, "Matar Anselmo ba ta iya riƙe magana ba, kin sani."

Na karɓi kofin na ajiye.

Ta ce, "Tsoro kika ji. Ke tun kina yarinya haka kike, in kin fasa tukunya sai ki ce kare ne." Ta yi dariya har da tari. Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗi nawa?" Ta ce, "In faɗa a ƙara mutum a bencin baya? Bencin ma ƙafarsa ɗaya ta karye." Sai ta daina dariya. Ta ce ɗan dutsen nan nata shekara hamsin da biyu yana hannunta, tun da aka fasa shi take jin hannun ba nata ba. Ta koma ta cikin masara yadda ta zo.

Na so a ce zagina ta yi.

Talata, 20 ga Satumba

Fasto ya ce ni zan koyar da darasin Akan a zumuntar mata ranar Alhamis, don ya zauna a zukata. Na karanta wurin sau uku. Akwai abin da bai tsaya a kai ba a wa'azi. Da aka zo kan mutumin nan, da bakinsa ya ce shi ne, ya faɗi abin da ya ɗauka, ya faɗi inda ya binne. Na duba ko akwai inda ya nuna tantin maƙwabcinsa. Babu.

Na aika cewa maƙogwarona na ciwo.

Lahadi, 25 ga Satumba

Gwiwata ke damuna kwanan nan, gaba kuma akwai matakala biyu, shi ya sa na zauna a baya kusa da ƙofa. Haka na gaya wa Petrona da ta zo tana raɗa min cewa na ɓata wuri. Gaskiya ne ƙafar bencin ta karye, sai mutum biyu sun zauna yake daidaita.

Inna Sebastiana ta ce, "Tashi, 'yar nan, ana kallonki." Na ce su kalla.

Anselmo ya zagayo da gurasar Jibi, ya tsallake ta ya miƙo min. Ban karɓa ba. Ya tsaya, ya ƙara miƙowa, har mutane suka fara juyowa, sannan ya wuce.

Bayan an tashi na ce wa Fasto ina so shi da dattawa su zo gidana gobe da ƙarfe goma. Ya ce lafiya? Na ce addu'a ce saboda haihuwar da ke tafe. Addu'ar ce ma, ai ba ƙarya na yi ba.

Da na dawo na ɗaga dutsen ƙofar suraci, tun da dama yana motsi. Jakar ba ta ruɓe ba. Warin hannunsa ya tafi, sai warin ƙasa. Na ajiye ta a kan teburin da za su zauna, wurin ya fi bushewa. Gaspar ya shigo ya tsaya a kanta, ya ce, "Inna, wannan fa?" Na ce ta kakansa ce, gobe zai ji sauran, kuma da sassafe ya je ya taho da Inna Sebastiana, ta ƙofar gaba.

Na jiƙa wake na mutum bakwai. Ban san ko za su ci ba.