Ki Ce Mata Ƙurunƙus

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwa a ɗakin wankin otal ta ɗan kumbura mini ƙafafu, amma kada ki gaya wa Inna.

Hutun nan ma ba zan zo ba. Lokacin da kowa ke hutawa ne aiki ke yi mana yawa. Na roƙi shugabarmu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ga littafin gajerun labarai na masu tafiya duniyar taurari, ki riƙa karanta wa Auta. Amma don Allah ki tsallake na ƙarshe. Wata mata ce ta tafi aiki can, a ganinta shekara ɗaya ta yi, ta dawo ta tarar 'yarta ta yi furfura. A mota na karanta, har na wuce inda zan sauka.

Kin ce Auta ta hana kowa ya ƙarasa tatsuniyar da na fara mata, wai ni ce zan ce ƙurunƙus. Ki lallashe ta, Yaya. Ki ƙarasa mata, tun kafin ta wuce shekarun tatsuniya.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki